Yatsu Uku a Idon Raga

Tabkinmu ba babba ba ne. Wanda ya tashi daga bakinsa na gabas bayan la'asar zai zagaye shi ya dawo kafin magariba, in dai bai tsaya gaisawa da masu lambun albasa ba. Daga kwalta kuwa da nisa. In ka sauka a Malbaza ka faɗi sunan garinmu, masu kabu-kabu sai sun dubi juna tukuna kafin ɗaya ya yarda ya ɗauke ka. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun arewa shi ke cika shi da damina, kuma a shekara mai kyau yakan riƙe ruwa har wata daminar ta tarar da shi, ko da abin da ya rage bai fi filin idi ba.

Da muna yara tarwaɗa ce kawai a ciki, sai gaiwa da ake haƙowa daga laka in ruwa ya ja. Wata shekara mutanen gandun daji suka zo da mota da ganguna cike da ƴaƴan karfasa, suka zuba. Suka tara mu masu su a ƙarƙashin gawon bakin ruwa, tare da sarkin ruwa, tsohon da ke ba da izinin buɗe su da rufe shi. Ma'aikacin da ya zo da kifin baƙo ne, daga yamma aka kawo shi, Hausarsa ba ta nuna ba tukuna. A cikinmu ni ne na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, don haka aka ce in tsaya kusa da shi in riƙa mayar da maganarsa. Da bakina na faɗa wa mutane dokar: ba a shiga ruwa sai bayan wata shida, kuma in an buɗe, duk ragar da idonta bai ɗauki yatsu uku ba za a karɓe ta a ƙone. Ya ɗaga yatsunsa uku a haɗe, ni ma na ɗaga nawa. Kowa ya ce ya ji.

Mako guda na yi ina juya maganar. Ni haka Allah ya yi ni. In na rufe rumbu sai na koma na taɓa murfin, in na yi alwala nakan sake wanke ƙafa don ban tabbata ruwa ya kai diddige ba. Dokar da ta fito daga bakina kuwa, gani nake duk wanda ya karya ta, har da ni za a tambaya.

Hannuna irin na babana ne. Mu gidan masu haƙar rijiya ne da bugun tubali, yatsunmu gajeru masu kauri, gaɓoɓin kamar an ɗaura ƙulli. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, bai ɗauko namu ba. Yatsunsa dogaye ne sirara, da su ya yi shekaru yana ɗinkin hula a Konni kafin idonsa ya fara gajiya ya dawo gida. Bai taɓa yin su ba sai da aka zuba karfasa. Ni na koya masa kwanciya a kan gora, babbar ƙwaryar da muke hawa a ruwa, ba tare da ta juye da shi ba, ni na nuna masa yadda ake ƙulla ido. Tun muna ƙanana yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa bawana, kuma ba a taɓa raba mana gardamar ba. In ya ga na ɓata fuska sai ya ƙara da "ɗan lakwal".

A wurinmu kowa shi ke saƙa ragarsa. Akwai ta inji a kasuwar Konni, amma ba ta jure kututturan da ke ƙarƙashin ruwanmu, kuma tsofaffi sun raina ta. Zare kawai muke sayowa. Kafin ka fara sai ka sassaƙa ɗan itace daidai faɗin idon da kake so, a kansa kake naɗa zare kana ƙullawa, ido bayan ido. Shi muke ce wa ma'auni. Kowa ya aza yatsunsa uku a kan itace, ya ja layi da wuƙa, ya yanke. Taubashina ya gama nasa kafin shayi ya tafasa. Ni sau uku na yanka. Na farko na auna a kan farce, sai na tuna ma'aikacin yatsa ya ce, bai ce farce ba, na jefar. Na biyu na auna a gaɓar tsakiya, inda ya fi kauri. Har na saƙa kamu biyar, sai tunani ya zo mini cewa zare in ya sha ruwa ƙulli yakan matse, ido ya ragu. Na warware, na yanka na uku, na ƙara masa kamar kaurin alƙalamin kara.

"Wanga ido naka," in ji taubashina da ya leƙo zaurena, "akuya kaka son kamawa ko kihi?"

"Ka bari a buɗe ruwa, bawana."

"To. In ka kamo akuyar, ƙafar baya tawa ta."

Shekarar farko ni na yi dariya. Kifin ya samu sabon ruwa da ciyawa, ya girma, karfasa ɗaya takan cika faranti. Ragata ba ta kama da yawa, amma abin da ta kama sai an riƙe shi da hannu biyu. Wani ɗan Konni da ke zuwa saye da babur da akwatin ƙanƙara, nawa yake fara dubawa. Har sarkin ruwa ya ce a gaban mutane a yi koyi da saƙata. Na riƙe wannan magana na daɗe ina jin daɗinta, fiye da yadda ya kamata.

Daga shekara ta biyu abin ya fara juyawa. Manyan mun kwashe su. Waɗanda suka rage suka yi ta haihuwa, har in ka tsaya a bakin ruwa da hantsi sai ka ga gefen ya yi baƙi da su, amma ba sa girma. A shekara ta uku karfasar tabkinmu ba ta wuce tafin hannun mace ba. Tarwaɗar da za ta rage su ta yi ƙaranci, don ita ma mun bi ta da ƙugiya. Ɗan Konni ya daina zuwa, ya ce wahalar hanyar ta fi kifin. Masu saye suka koma matan garinmu da na ƙauyukan kusa, masu suya a kasko, su kuwa ƙananan ma sun fi yi musu.

Mukan shimfiɗa raga da la'asar mu ɗaga bayan asuba. Wurina da na taubashina kusa suke, tsakaninmu bai fi jifan dutse ba. Ina kwance a kan gora ina jan ragata kamu bayan kamu, tana tahowa da sauƙi, babu nauyi sai ganyen bado. Ina kuma jin tasa. Ragar da ta cika tana da ƙara, wani ɓal-ɓal a saman ruwa, sannan ƙarar kifi yana faɗawa cikin gora ɗaya bayan ɗaya. Nakan ce ba zan waiwaya ba. Nakan waiwaya. Akwai safiyar da na ga kifi da idona ya shiga idon ragata ya fita ta ɗaya gefen, ko jikinsa bai goga ba, ya nufi wajensa.

In mun tashi fitowa, mata da kwanoninsu suna tsaye inda zai fito, ba inda zan fito ba. Suna kiransa, suna masa tsiya, kowace na cewa ita ta fara zuwa. Shi kuma ga baki. Ni da na koya masa ƙulli nakan wuce ta bayansu da ƴan kifi uku huɗu a ƙasan gora, in yi kamar ina sauri.

"Bawana, tsaya mana," yakan ce. "Yau ma sun gaishe ka sun wuce?"

"Na bar su su girma."

"Allah shi saka maka da alheri. Kai ka kiwo, ni ka ci."

Matan su yi dariya. Ni ma in yi, don wasan taubashi ba a fushi da shi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Amma dariyar a haƙora take tsayawa.

A shekarar nan ya rufe ɗakinsa da kwano. Daga tsakar gidana ana hango shi yana ƙyalli, sai na juya tabarmata ta koma kallon gabas. Wasu mutane daga wajen Bazaga suka zo tambayar yadda ake zuba kifi a tabki, suka ce a kai su wurin wanda ya san ruwa. Gidansa aka kai su. Ni da na tsaya kusa da ganguna ranar da aka zuba, sai daga baya na ji labarin zuwansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kirkinsa. Kusan kullum matarsa takan shigo gidanmu da kwano a rufe, ta ce ga na miya. Da ya hana ni, da na samu abin riƙewa. Matata ta soya, yara su ci su lashe hannu, ni ma in ci, kuma da daɗi. Ina taunawa ina tunanin ko ya halatta in ci abin da aka kama da ragar da nake zargi. Sai in ce ai ban tabbata ba. Sai kuma in ce to me ya hana ni tabbatarwa. A salla ma abin bai bar ni ba. Sau da yawa ina tsaye bayan liman hankalina yana kan idon ragar wani, sai dai in ji an yi ruku'u.

Wata rana na karɓi wuƙa daga hannun matata na ce ni zan gyara kifin. So nake in nuna mata jarirai yake kamawa, waɗanda ba su kai haihuwa ba. Na farka cikin ta farko, sai ga ƙwai, rawaya, a cike. Ta biyu ma haka. Ta uku a baki ta riƙe nata, kamar yadda karfasa ke yi. Ashe ba jarirai ba ne, tsofaffi ne da suka kasa girma don sun yi wa ruwan yawa. Na gane haka a lokacin, ba zan ce ban gane ba. Wanda ke rage su ma taimakon tabkin yake yi. Amma abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Kin gani? Uwaye shika kashewa."

"Jiya ka ce ɗiya shika kashewa," in ji matata.

"Duka biyu."

"Maigida, ka sake saƙa wata mana. Ga hannuna, auna da shi. Ko nawa ba yatsu ba na?"

"Ba ke anka tsayar gaban jama'a ba."

"To ci gaba da tsayuwa," ta ce, ta karɓe wuƙarta.

Gaskiyarta, da na bi shawararta da an huta. Na ma sayo zaren. Amma duk lokacin da na ɗauki itace zan yanka ƙaramin ma'auni, sai in ga kaina tsaye ƙarƙashin gawo da yatsu uku a sama, sai in ajiye. Ban iya yin abin da taubashina yake yi ba, kuma ban iya barinsa ya yi shi cikin kwanciyar hankali ba.

Yakan shanya ragarsa a kan dangar lambun da ke bayan gidansa. Wata azahar, mutane sun tafi masallaci, na yi jinkiri da gangan na bi ta wurin. Saƙar ta yi kyau, dole in faɗa. Idanun daidai suke kamar aikin inji, ƙullin ƙanana, ba irin nawa masu kama da ƙwayar wake ba. Har wannan sai da ya sosa mini rai. Na sa yatsuna. Biyu suka shige, na ukun ya tsaya a farce. Da na matse su sosai na ja zaren, kan ukun suka shiga da ƙyar. Na gwada ido goma a wurare daban-daban, duk haka. Raka'a biyu suka wuce ni a jam'i saboda wannan aiki.

Da yamma na je wurin sarkin ruwa, na tarar da shi a zaure yana gyaran ƙugiyoyi. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa ana ƴan maganganu a kan wasu ragogi. Ya bar ni na gama.

"Ɗan gwaggonka kaka nuhi."

"Ban kama suna ba, Baba."

"Ni na kama maka. Na sa hannuna cikin ragarshi tun ran da ya gama ta. Uku sun shiga." Ya ɗago hannun ya nuna mini, yatsun tsufa, sun bushe kamar kara.

"Amma nawa ba su shiga ba."

"Naka ko bakin tulu sai an yi dabara." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Ɗana, tahi gida. Kihin ya canza, ragarka ba ta canza ba. Ba laihin kowa ba na."

Na fito ina jin kunya, kuma kunyar ba ta kashe abin ba, ƙara masa wuta ta yi. Yanzu har sarkin ruwa, wanda ya taɓa yabon saƙata, yana bayansa.

Ranar kasuwar babban gari na je sayen igiya, ƙafata ta kai ni buro, wato ofishin gandun daji. Ma'aikacin nan yana nan, ya gane ni, Hausarsa ta nuna yanzu. Na ce tambaya ce kawai ta kawo ni, don in an tambaye ni in san abin faɗi: in raga ta ɗauki yatsun wani ba ta ɗauki na wani ba, ina matsayinta? Ya tambaye ni ko akwai irin haka a tabkinmu. Da na ce babu, da na yi ƙarya. Na ce ban dai auna duka ba. Ya ce dama ya daɗe bai leƙo mu ba. A hanyar komawa, a bayan amalanke, na yi ta gaya wa kaina ban kama sunan kowa ba. Gaskiya ne, ban kama ba. Na kuma san abin da ya kai ni.

Bayan kamar mako biyu mushe, kamar yadda muke kiran ma'aikacin gwamnati, ya zo da babur, da hantsi, lokacin da ragogi ke shanye. Aka ce kowa ya kawo tasa ƙarƙashin gawo. Mata ma suka taru daga gefe da kwanoninsu. Ya ce shi baƙo ne, in ya auna da hannunsa za a ce da niyya ya zo, don haka mu fitar da mutum ɗaya daga cikinmu wanda kowa ya yarda da amanarsa. Sarkin ruwa ya fara gyara zama zai miƙa hannu, amma taubashina ya riga shi.

"Ga bawana nan, mushe. Wanga ko ƙwayar geron wani ta faɗo cikin takalminshi, sai ya bi gari shina cigiyar mai ita. A ba shi shi auna."

Mutane suka yi dariya, suka ce haka ne. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai san na je buro ba, bai san na taɓa ragarsa a kan danga ba. Sarkin ruwa ya dubi hannuna, ya dube ni, ya koma ya jingina da gawo.

Ma'aikacin ya ce in kan yatsu uku sun shiga, raga ta wuce. Ta farko ta wani dattijo ce mai iyali da yawa. Tun kafin in taɓa na san idon ba zai ɗauki hannuna a sake ba. Na haɗa yatsuna, na aza na tsakiya a kan biyun, na matse har farce ya yi fari, na ja zaren da ɗayan hannun. Suka shiga. Na ce ta wuce. Ta biyu haka, ta uku haka. Kowace raga sai na matse, kuma a kowace sai zuciyata ta tambaye ni ko wannan matsi sassauci ne ko ha'inci. Da aka kawo tawa, yatsun suka shige har gaɓa ta biyu suna lilo, aka yi dariya, ma'aikacin ya ce madalla.

Tasa ce ta kusa ƙarshe. Da kansa ya shimfiɗa ta a gabana, yana karkaɗe ɓawon kifin da ya manne mata. Ɓawon yana walƙiya a rana, babu kamun da babu shi. Tawa da aka ajiye a gefe fes take kamar ba ta taɓa shiga ruwa ba.

"A hankali, ɗan lakwal," ya ce. "Kar ka yaga mini ita da waɗanga taɓaren naka."

Na sa yatsuna. Biyu suka shiga, na ukun ya tsaya a farce, kamar yadda na riga na sani. Na kuma san abin da ya rage: in aza na tsakiya, in matse, in ja zare. Na yi wa kowa haka a wannan safiya. Shekaru ke nan ina komawa wurin ina tambayar kaina me ya faru. Wani lokaci nakan ce hannuna ne ya gaji, wani lokaci in ce ragarsa ta fi sauran matsewa, kuma wataƙila ta fi ɗin da kaɗan. Amma na tuna sarai yatsuna a jere suke, a sake, kowanne a wurinsa, ɗayan hannun kuma yana kan gwiwata.

"Ya shiga?" in ji ma'aikacin.

"Bai shiga ba."

"Gwada wani idon."

Na gwada, yadda na yi na farko. "Bai shiga ba."

Taubashina ya yi ƴar dariya yana jiran in ce wasa ne. Ya dubi fuskata, sannan ya dubi hannuna, ya daɗe yana dubansa. Sarkin ruwa ya roƙa, dattawa suka roƙa. Ma'aikacin ya ce da bakinmu muka zaɓi mai awo, kuma in ya bar wannan, gobe ba shi da ta cewa a wani tabkin. Ya ce ba zai ci shi tara ba, ragar kawai. Aka tara karan dawa a gefen ruwa. Zaren roba ba ya ci da wuta kamar itace, narkewa yake yana ɗiga yana wari, har ya dunƙule ya zama baƙin curi kamar kwalta. Wata biyu ya yi yana saƙa ta.

Zan so in ce a take nadama ta kama ni. Ta zo, amma ba ita ta fara zuwa ba. Abin da na fara ji wani sanyi ne a ƙirji, kamar an cire mini ƙaya, kuma ya kai ni har la'asar.

Kafin magariba gidansa ya cika da masu jaje. Matan suya suka haɗu suka aika a sayo masa zare. Dattijon nan mai iyali da yawa ya kai masa dalmar tsohuwar ragarsa. Sarkin ruwa da kansa ya taka har can da sandarsa, shi da bai taɓa shiga gidana ba. Ina zaune a ƙofar gida masu wucewa suna yi mini sallama a gajarce. Ba wanda ya zage ni, wasu ma sun ce aikin amana na yi. Sai na sami kaina ina bin masu shiga gidansa da ido kamar yadda nake bin kifinsa. Mutum ya rasa raga, ni kuma ina kishin jajen da ake masa. Matata ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta tafi wurin matarsa ta daɗe.

Kwana uku ban gan shi ba. Na yi niyyar kai masa zaren da na saya ban saƙa ba, sai na ji tsoron kada ya zama kamar na amsa laifi, sai kuma na ji tsoron rashin kaiwar. Na ɗauko shi na mayar ya fi sau biyar. Ina cikin haka, a safiya ta huɗu, ya yi sallama a zaurena, da ɗan itace da wuƙa a hannunsa.

"Ina kwana, yaya."

Da wata bakwai kawai na girme shi, kuma tunda muka iya magana bai taɓa ce mini yaya ba. Na ce, "Bawana, shigo mana," muryar ta fito wata iri. Bai rama ba. Ya tsuguna a gabana kamar baƙo, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Za ni fara sabuwa," ya ce. "Tunda hannunka ya zama doka, na ce in zo in yanka ma'auni a kai, kar a sake wahal da mutane."

"Ba sai ka yi haka ba. Auna da naka, ni zan je in yi magana da mushen."

"Aza hannunka."

Na aza yatsuna uku a kan itacen. Na haɗa su, na hau da na tsakiya kan biyun, na matse iyakar ƙarfina, don ma'aunin ya fito ƙarami ko da kaɗan ne. Ya riƙe wuƙar, bai ja layi ba. Kansa a ƙasa ya ce, "A'a, yaya. Saki hannunka yadda kay yi rannan."

Na saki. Ya ja layi gefe da gefe, ya yanke, ya hure garin itacen, ya yi mini godiya, ya tafi.